Gangar Mayo da Waƙar Kirsimetin Ingila

A kudancin Khartum, bayan an wuce Kasuwar Markazi, akwai unguwar Mayo, wadda ta ci sunan juyin mulkin da Ja'afar Numairi ya yi ran 25 ga Mayu 1969. Hausawa, waɗanda ake kira Fallata a can, sun daɗe suna zaman katanga ɗaya da mutanen Darfur da na duwatsun Nuba, da kuma Dinka da Nuwer da yaƙin kudu na 1983 zuwa 2005 ya koro. Saboda haka Bahaushen Mayo, ko bai taɓa leƙa coci ba, kunnensa ya san Kirsimeti: ganga, guɗa, jerin gwano, mai ba da waƙa da 'yan amshi. Wanda ya saba jin waƙar Kirsimetin Ingila a rediyo, da sanyinta da jan numfashinta, zai iya cewa maƙwabtan nan sun ɓata abin da aka kawo musu. Tarihi bai goyi bayansa ba. Sanyin nan baƙo ne ko a Ingila, gangar kuwa ta fi shi kusa da asali.

Kalmar karol, sunan irin wannan waƙa a Ingila, daga Faransa ta fito, kuma a ƙarni na 12 da na 13 rawar da'ira take nufi: a riƙe hannu, mutum ɗaya ya ba da baiti, saura su amsa suna zagayawa. Duk wanda ya taɓa ganin gaɗa a dandali ya gane fasalin. Waƙar titi ce da gidan biki, shi ya sa masu tsaurin ra'ayi suka tsane ta, har majalisar Ingila ta haramta bikin Kirsimeti a 1647, bai dawo ba sai 1660. Shigarta majami'a da alkyabba aikin zamanin Sarauniya Biktoriya ne. A 1871 Bramley da Stainer suka fitar da kundin da ya zuba tsofaffin waƙoƙin ƙauye cikin muryoyi huɗu, daidai da ogan. A 1880 Bishop Benson ya shirya sujadar karatu tara da waƙoƙi a Truro, Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauka a 1918, BBC ta soma watsa ta a 1928. Abin da duniya ke ɗauka tsohuwar al'ada, yaro ɗaya ya buɗe da siririyar murya cikin tsit, bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba.

Wannan sabon salon ne ya biyo Turawan mulki zuwa Khartum, ya sauka a babbar majami'ar Angilikan da aka keɓe a 1912 kusa da fadar gwamna. Gwamnati ta karɓe ginin a 1971, daga baya ya zama gidan tarihi. Kafin nan, a 1964, an kori mishan Turawa daga kudu, ragamar waƙa ta koma hannun 'yan ƙasa. Mawaƙa irin su Mary Alueel Garang suka tsara waƙoƙin ibada da harshen Dinka a kan karin gida, 'yan gudun hijira kuma suka taho da irin wannan kiɗa gefen birni. Cocin jar ƙasa da rufin kwano ba shi da ogan, ba shi da dogon rufin dutse mai riƙe amo na daƙiƙoƙi. A Kambirij dole a ja waƙa a hankali, in ba haka ba sauti ya hau kan sauti. A Mayo amo na mutuwa nan take, sai ganga ta cike gurbin. Gini ma yana da hannu a saurin waƙa.

Mai ja zai ce to, sauri dabam, amma ai tsanin murya shi ke ɗauke da yanayi: wanda Turawa ke kira manjo na murna ne, maino na baƙin ciki, in aka taɓa tsani an taɓa ma'ana. Waƙoƙin Ingila da kansu sun karya wannan doka. Karol ɗin Kobantiri, wadda aka rubuta karinta a 1591, maino ce, kuma waƙar makoki ce ta jariran da Hirudus ya kashe, amma da sautin manjo take rufewa. Wadda marubuci Dickens ya ambata a littafinsa na 1843 ita ma maino ce, alhali albishir take yi, da takun masu tafiya. Sannan yawancin kiɗan Sudan, kamar yawancin namu, a kan tsani mai hawa biyar yake, ba mai bakwai ba, kuma kunnen da ya tashi a kansa ba da wancan ma'aunin yake raba murna da kuka ba. Taku da kalma da lokaci ne ke gaya masa.

Akwai ƙorafi ɗaya mai nauyi, kuma ba za a kauce masa ba: inda ganga da amshi suka yi rinjaye, saƙar muryoyi huɗu takan yi rauni, kuma saƙa ce mai kyau. An yi asara, sai dai ta ado ce da aka ƙara daga baya. Mu ma ba baƙin gardama kan kiɗa a ibada ba ne. An yi ta a Kano kan mandiri, an yi ta a Sudan lokacin da Shehu Abdurrahim al-Bur'i, wanda ya rasu a 2005, ya bari aka ɗora begen Annabi a kan karin waƙoƙin zamani, duk da cewa madahu da gangunan tari da noba sun daɗe suna cika filin Khalifa na Omdurman kowane Maulidi. Bayan rabuwar Sudan a 2011 'yan kudu da yawa sun bar Mayo, aka soke hutun Kirsimeti. Da aka maido shi a Disamba 2019, Kiristoci sun fito titunan Bahri da ke arewacin Khartum, da waƙa da jerin gwano suka fito.