3.2 Shirin Anchau da Kafuwar Garin Takalafiya

Wannan sashe zai duba yadda ciwon barci ya sa Turawan mulkin mallaka suka sake tsarin zaman ƙauyuka a ƙasar Anchau, cikin Lardin Zazzau, wadda a yau take Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna.

Kafin zuwan Turawa, tsoron hari ya sa jama'a suna zaune cikin garuruwa masu ganuwa, gonakinsu na kewaye da su. Yawan noma da saran itace a wuri guda ya hana daji matsowa kusa da gari. Bayan shekarar 1903, da yaƙe-yaƙe suka kwanta, sai mutane suka bazu neman sabuwar ƙasar noma, suka kakkafa tungaye a bakin rafuka. To, ƙudan tsandon da ke ɗauke da wannan cuta a wannan yanki ba ya son komai kamar inuwa da laimar kurmin bakin rafi. Wato ke nan wurin ɗibar ruwa da wanki da shayar da dabbobi ya zama mahaɗar mutum da ƙuda. A shekarun 1930 cutar ta zama annoba a lardunan Arewa, kuma Anchau na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna.

Da farko allura aka dogara da ita, amma wanda ya warke rafin nan dai yake komawa. Saboda haka a shekarar 1937 aka fara Shirin Anchau da kuɗin da gwamnatin Ingila ta bayar, kuma masanin ƙwari Dokta T.A.M. Nash shi ne ya ja ragamar aikin. Aka keɓe wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin mil 10, aka sassare itatuwan bakin rafukansa don rana da iskar hunturu su busar da maɓoyar ƙudan. Sai dai kurmi yana sake tohuwa duk damina. An ƙiyasta cewa sai an sami kimanin mutum 70 a kowane murabba'in mil kafin su iya riƙe saran shekara-shekara. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin shirin baki ɗaya, domin shi ya sa aka tashi kimanin mutum 5,000 daga ƙananan tungaye aka tara su a sababbin ƙauyuka cikin zirin.

Shi kuwa tsohon garin Anchau matsalarsa cunkoso ce, ga kududdufai, ga rijiyoyi dab da masai. Aka rage yawan gidajensa, aka gina sabon gari kusa da shi mai suna Takalafiya, da faffaɗan tituna masu hana gobara yaɗuwa, da rijiyoyin siminti, da kasuwa da makaranta da ɗakin shan magani. Ko daga sunan ma ana iya gane abin da aka nufa.

Babu shakka cutar ta ragu ƙwarai, shanu kuma suka samu zama a inda da sammore ke kashe su. Amma a ganin mai wannan nazari, inda shirin ya yi rauni shi ne wajen shawo kan talakawa. Umurnin saran daga En'e yake fitowa, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, ya bi ta hannun hakimi zuwa dagaci, kuma dole ne. Wasu kurame kuwa jama'a sun ɗauke su mazaunin iskoki, ba a kai musu gatari. Wani Ba'amurke masanin halayyar al'umma, Horace Miner, wanda ya yi bincike a yankin ya kuma buga sakamakonsa a 1960, ya tarar cewa mutane da yawa ba su yarda ƙuda ne ke kawo ciwon ba, suna yin saran ne kawai don hukuma ta ce a yi. Bayan shekara ashirin ana aikin, manomin da ke riƙe da gatarin bai ɗauki aikin a matsayin nasa ba, alhali kuwa da ƙarfinsa aka yi lissafin mutum 70 ɗin nan tun farko.