Daga Azara Zuwa Rodi: Yadda Dogon Kaya Ke Shiga Lungunan Birni

Wannan makon zan kai ku cikin ganuwa, wajen masu dako.

Duk wanda ya taɓa gini a Yakasai ko Koki ya san cewa nauyin kaya ba ya tayar wa ɗan dako hankali kamar tsawonsa. Buhun siminti kilo 50 ne, a ka za a ɗora shi a wuce. Amma rodi ɗaya mita 12 ne, ga lungu mai kwana kamar hanjin akuya. Ta ina za a juya?

Matsalar ta girmi rodi. Tun kafin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, ƙafar mutum da ta jaki ce ta shata hanyoyin birni. Dogon kayan maginan gargajiya kuwa azara ce, wadda ake faskarawa daga gangar giginya, an fi son ta namiji saboda ƙwari, ga shi gara ba ta cika cin ta ba. Azara ba ta iya riƙe rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita biyu, sai magina suka koyi jera gajeru, wata a kan wata, suna ɗaurewa suna yaɓe da ƙasa har bakan gizo ya tashi. Ku shiga Gidan Makama ku ɗaga kai. Wannan faffaɗan rufin da gajerun itatuwa aka haɗa shi, irin waɗanda mutum biyu za su saɓa a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya, su bi lungu a tsaye kamar zare cikin allura.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a bayan ganuwa aka ajiye tasharsa. Katako daga kudu, kwanon rufi da ƙarafa suka riƙa sauka can, kura ta ɗauka zuwa cikin gari, masu tura ta suna ihun a ba su hanya. Da ƙaramar motar kaya ta zo, Bahaushe ya raɗa mata suna a-kori-kura. Tarihin sana'a guda ke nan cikin kalma ɗaya, ni dai ban san sunan da ya fi wannan iya ba da labari ba. Sai dai korar ba ta cika ba, don motar a bakin lungu take tsayawa.

Turawa ma sun gamu da irin wannan a rumbunansu. Injin ɗaga kaya da aka saba gani cokulansa a gaba suke, idan ya ɗauki dogon katako sai ya gicciye, ya nemi ƙofa mai faɗin katakon. Sai aka ƙera wani mai cokula a gefe: ya tsaya jikin kayan, ya miƙa, ya ɗago su ya kwantar a kan dandamalinsa, tsawonsu na bin hanyar da zai tafi. Kamfanin Combilift da aka kafa a Monaghan ta ƙasar Ayilan a 1998 ya yi suna da wanda ke tafiya gaba, baya da gefe. Dabarar masu azara ce, an sa mata inji. Amma yana son ƙasa shimfiɗaɗɗiya, lungunanmu kuwa kwata ce a tsakiya, dakali a gefe.

Mu hanya muka faɗaɗa inda za ta faɗaɗu, har aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 saboda titi. Inda ba ta faɗaɗuwa, kayan ake lanƙwasawa. Je ka Ƙofar Ruwa ka ga yadda ake naɗe rodi gida biyu ya koma mita 6, a ɗaure jan ƙyalle a wutsiyarsa. A bakin lungu samari za su saɓa, na gaba yana cewa "a hankali da kwana", idan an isa wajen gini kuma maƙeri ya sake miƙar da shi.