Shekarar da burodi ya yi wuya a Sabo

Da can a nan Sabon Ibadan, koko da ƙosai ne karin kumallonmu. Teburin mai shayi ne ya koya mana burodi, har baki ya saba.

A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, wai a ci ta gida, irin wadda ake nomawa a Kadawa. To, ta gidan ba ta isa ba. Burodi ya yi tsada, ya ƙanƙance, fulawar sumoga ta riƙa shigowa ta Kwatano. Mu kuwa ba mu koma wa koko ba, guna-guni kawai muka yi ta yi, muna saye. Bayan 'yan shekaru aka janye dokar.

Yanzu yaranmu Indomie suke nema da safe, ita ma da alkamar waje ake yin ta.