Bashin "Shail" da Hanyar Makka

Kakanninmu ba su baro ƙasar Hausa don su zauna a bakin Nilu ba. Makka suka nufa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno kuma ya yi gabas da jama'a. Sai dai guzuri yakan ƙare a hanya. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 gonakin audugar Jazira suka buɗe, ta Jabal Auliya kuma ta biyo baya a 1937. Aiki ya samu, mahajjaci ya ce bari ya yi damina ɗaya ya tara kuɗin jirgin Sawakin.

A nan shail ya riske shi. Kafin kaka, rumbu ya yi fayau, ɗan kasuwar ƙauye yakan ba manomi dawa, sukari ko kuɗi, da sharaɗin a biya shi da amfanin gona bisa farashin da shi ya yanka, ƙasa ƙwarai da na kasuwa. Kaka ta zo, a auna masa buhunansa, abin da ya rage ba ya kai gida wata damina, sai a koma wurinsa. Da haka damina ɗaya ta zama shekara goma, aka haifi 'ya'ya, har da jikoki.

Bankin Noma ya fara aiki a 1959, amma banki jingina yake nema, yawancin mutanenmu kuwa 'yan ƙwadago ne marasa hawasha. Daga baya bashi ya sake kama: sashe na 179 na dokar laifuffuka ta 1991 ya mai da cek maras kuɗi laifi, kowa kuma ya san lafazin nan na "yabƙa lihinis sadad", wato a tsare mutum sai ya biya. Diwanin Zakka yakan fanshi wasu daga kason garimina, amma a lokacin an riga an kwana a kurkuku.

Abin da ya fi tsamo mutanenmu, a ganinmu, shi ne zaman sulhu, wanda maƙwabtanmu ke kira judiyya. Liman da dattawan unguwa su zaunar da mai bin bashi da wanda ake bi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba a fara da zargi. Da lissafi ake farawa, a faɗi adadin duka ba ɓoye-ɓoye. Sannan a roƙi rangwame, a raba saura kashi-kashi gwargwadon abin da gona ko koma ke kawowa, wani lokaci 'yan adashe su ba shi kwasar farko ya rage nauyi. A ƙarshe a rubuta yarjejeniyar gaban shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta umarta.