Gamin Gambiza ko Gadon Gida? Nazarin Faifan "Kaani" na Tal National ta Kunnen Ƙasar Kurfai

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki faifan Kaani, wanda ƙungiyar Tal National ta Yamai ta fitar a 2013 a kamfanin FatCat, domin nuna cewa haɗa kiɗan al'ummomi da ke cikinsa gado ne na maƙwabtaka, irin wadda aka daɗe ana yi a Filinge da kewayenta, wato ƙasar Kurfai.

Bitar Ayyuka

Tun da Ali Farka Touré da Ry Cooder suka yi Talking Timbuktu a 1994, marubutan Turai suka saba laƙaba wa duk jitar Sahel sunan bulus. Gerhard Kubik (1999) ya danganta tushen bulus ɗin Amurka da wannan yanki namu, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Matsalar ita ce masu sharhi sun juya maganar, har ya zamana makaɗinmu ba ya samun daraja sai an ji ƙamshin Misisipi a yatsunsa. Wannan ra'ayi ne nake ja da shi.

Hanyar Bincike

An saurari faifan waƙa bayan waƙa, aka kwatanta shi da kiɗan biki da na bori a ƙasar Kurfai.

Sakamako

Kurfayawa Hausawa ne da ke zaune a Dallol Bosso, tsakanin Zabarmawan Tondikandiya, Abzinawan Imanan da Tagazar, da Fulani makiyaya. Yaron da ya tashi a nan ya san kalangun mahauta, ya san molon Zabarmawa, ya ji tenden mata Abzinawa. Gogen da ke kiran iskoki a bori, da ƙoren da ake kifawa ana dokawa, su ne dai a wasan aljanun Zabarmawa. Abin da shugaban ƙungiyar, Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya yi shi ne ɗora wannan zaman tare a kan jitar lantarki. A Kaani jita ba ta jan dogon kuka irin na bulus. Gajeren zance take maimaitawa, tana zagayowa kamar goge, kalangu yana amsa mata, ganguna suna ingiza masu rawa. Sunayen waƙoƙin ma, da suka fito daga harsuna daban-daban, shaida ne: "Wongharey", "Sarkin Fada", "Nouvelles".

In har za a nemi misali a Amurka, kiɗan iyakar Teksas da Meziko ya fi dacewa. Can ma maƙwabtaka ce ta haɗa akodiyon baƙin Jamusawa da waƙar Mezikawa, har aka samu ƙungiyar Texas Tornados ta su Flaco Jiménez da Freddy Fender.

Iyakar Bincike

Gaskiya ne faifai ɗaya aka nazarta, kuma ƙungiyar 'yar Yamai ce. Wannan bai rushe hujjar ba.

Kammalawa

Ya kamata a auna Kaani da mudun gida. Aikin da ke gaban masana da cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya a Yamai shi ne naɗar kiɗan tsofaffin masu goge na Kurfai tun suna raye.