Mene ne .org, kuma wa aka yi wa shi?

Jama'ar Kawar da ƴan uwa na Agadas, Yamai, Libiya da Aljeriya, kun sha ganin adireshin intanet da ke ƙarewa da .org, kamar msf.org na ƙungiyar likitocin MSF ko icrc.org na ƙungiyar agaji ta CICR. Wannan ƴar wutsiya ta ƙarshen adireshi tana da tarihi, kuma saninta na iya tsare muku kuɗinku.

An fara amfani da .org a shekarar 1985 a Amurka, tare da .com, .net, .edu, .gov da .mil. Kowace da aikinta: .com ta ƴan kasuwa, .edu ta makarantu, .gov ta gwamnati, .mil ta soja. Ita kuwa .org an bar ta ga ƙungiyoyin da ba su shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A hankali sai ƙungiyoyin agaji da waɗanda ba riba suke nema ba suka rungume ta, har mutane suka ɗauka tasu ce su kaɗai.

Tun 2003 wata hukuma mai suna Public Interest Registry ce ke riƙe da ita, kuma adireshin da aka yi wa rajista sun haura miliyan 10. A 2019 an so sayar da hukumar ga wani kamfanin ƴan jari, Ethos Capital, kan kuɗi sama da dala biliyan 1. Ƙungiyoyi suka yi ca, suna tsoron kada a tsauwala musu farashi. A watan Afrilun 2020 ICANN, mai kula da sunayen intanet na duniya, ta hana cinikin.

To, ga inda gizo ke saƙa: ba a tambayar kowa takardar shaida kafin a ba shi .org. Ɗan kasuwa na iya saye, ɗan damfara ma haka, in dai ya biya kuɗin shekara. Saboda haka ne a 2015 aka fito da .ngo da .ong, waɗanda aka keɓe wa ƙungiyoyi masu zaman kansu, da sharaɗin a tantance su.

Akwai kuma .int, wadda ta fi tsauri: ta hukumomin da ƙasashe suka kafa da yarjejeniya ce. Hukumar OIM mai kula da ƴan ci-rani, da kuka sani da cibiyarta nan Dirku, adireshinta iom.int ne, ta lafiya ta duniya kuma who.int. Ita .ne ta Nijar ce, .ng ta Najeriya.

Don haka in an turo muku saƙo ta WhatsApp cewa wata ONG na ɗaukar ma'aikata ko tana rabon tallafi, kar ganin .org ya sa ku saki jiki. Ku duba sunan harafi bayan harafi, domin macuta kan canza harafi ɗaya tak. In an ce sai kun biya kafin a karɓi takardunku, ku tsaya. Ku je ofishin ƙungiyar da ƙafarku, ko ku tambaya a ma'aikatar magajin gari. Ku kuma da ke waje, kafin ku aiko da gudummawa, ku kira gida a tabbatar muku ƙungiyar na aiki a nan. Allah ya tsare mana guminmu.