Yadda Aka Gano Hawa-Hawan Sararin Samaniya

Har ƙarshen ƙarni na 19, masana sun ɗauka cewa iyakar nisan da aka yi sama, iyakar ƙaruwar sanyin iska. A 1902 Bafaranshe Teisserenc de Bort ya nuna, ta hanyar balan-balan, cewa a Turai sanyin yakan daina ƙaruwa wajen kilomita 11. A ƙasashenmu masu zafi kuwa sai wajen 16. Ƙarƙashin wannan iyaka gajimaren da manomin Magami ke jira yake haɗuwa. A 1924 kuma Appleton na Ingila ya tabbatar da wani hawa can sama, mai mayar da igiyar rediyo ƙasa. Albarkacinsa mutanen Gusau da Tsafe suka riƙa kama Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957.